Yarinyar da Na Tsallake a Layi

Shekara 11 ke nan ina koyar da darasin motsa jiki da kiwon lafiya a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana a nan Katsina, kuma tun zuwana aka damƙa mini ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar. A shekarun farko, hanyar da nake bi wajen zaɓen 'yan wasa ita ce wadda na tarar ana bi: idan gasar gidaje ta ƙarato, sai a jera ɗalibai a filin taron safe, in bi layi ina duban tsawo, duk wadda ta ɗara 'yan uwanta in ce ta fito gefe. Kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji na gama haɗa ƙungiya. Ban taɓa zargin wannan hanyar ba, domin kowa ya san kwandon a sama yake, kuma mai tsawo ta fi kusa da shi.

Wadda ta sa na sake tunani wata 'yar aji ɗaya ce, gajeriya, siririya, wadda aka kawo daga wani ƙauye da ke kan hanyar Daura. Na tsallake ta a layi ba tare da na ko dubi fuskarta ba. Amma kullum bayan sallar la'asar, idan mun fito atisaye, sai in gan ta a bakin fili, in ƙwallo ta fita ta bi ta ɗauko. Wata rana a cikin hunturu tana dawowa daga famfo da bokiti cike da ruwa a hannun dama, sai ƙwallo ta bugi bakin kwando ta karkato da ƙarfi ta nufo ta. Ba ta ajiye bokitin ba, ba ta kuma kauce ba. Hannun hagu ta sa ta tare ƙwallon, sannan maimakon ta miƙa wa wadda ta fi kusa da ita, sai ta cilla ta ga wata ɗaliba da ke tsaye ita kaɗai a ƙarƙashin kwando, wadda duk 'yan wasan da ke cikin filin ba su lura da ita ba. Cafewar ta burge ni, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yarinyar da ba a taɓa koya wa komai ba ta riga ta karanci filin tun kafin ƙwallon ta iso hannunta.

Bayan kwana biyu na same ta a bayan ɗakin kwanansu ana wasan carafke, na tsaya daga nesa ina kallo. Tsakuwa ɗaya tana sama, hannu yana kwasar na ƙasa, ido kuma yana kan wadda aka cilla, kuma ta cinye dukkan abokan wasanta, da dama ta yi, da hagu ta yi. A nan na gane cewa abin da nake ɓata makonni ina koya wa dogayen da na zaɓa, wato hannu ya yi aiki ba tare da ido ya sauko kansa ba, wannan yarinya ta taso da shi daga tsakar gidansu. Haka abin yake ga gaɗa, inda yarinya ke sakin jikinta ta faɗa baya a hannun ƙawayenta su cilla ta, ta dira a kan ƙafafunta daidai da kiɗan tafi. Haka yake ga 'yar gala-gala da ake tsallake gidaje da ƙafa ɗaya, da ɗaukar tulu a ka a yi tafiya mai nisa ba tare da ruwa ya zuba ba. Tun daga lokacin, idan ina neman 'yan wasa, wuraren nan nake fara leƙawa kafin in kira kowa fili.

Ba ina cewa tsawo ba shi da amfani ba ne. Kwandon yana tsaye a mita 3.05 daga ƙasa, ga maza da mata baki ɗaya, kuma ƙungiyar da ba ta da doguwa ko ɗaya za ta sha wuya a ƙarƙashin allon da kwandon ke manne a jikinsa. Matsalar ita ce tsawon 'yar shekara 12 yana yaudara. 'Ya'ya mata sukan yi saurin girma tsakanin shekara 11 da 12, kuma bayan sun fara al'ada da kamar shekara biyu, tsawon yakan kusan tsayawa. Saboda haka wadda ta balaga da wuri takan fi kowa tsawo da ƙarfi a aji ɗaya, amma kafin a kai aji huɗu sai ka ga wadda take kallo a ƙasa ta kamo ta, wani lokaci ma ta wuce ta. A makarantunmu kuma akwai ƙarin rikitarwa, domin a aji guda za ka tarar da 'yar shekara 11 da 'yar shekara 15, tunda ba lokaci ɗaya ake sa yara makaranta a birni da ƙauye ba. Malamar da ta jera su a layi ɗaya ta gwada tsawo, shekaru kawai ta gwada. Yanzu idan ina son in hango inda jikin yarinya zai kai, nakan dubi girman tafin hannunta da ƙafarta, in sa ta buɗe hannuwa in auna daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa, domin galibi wannan faɗin yakan yi kusa da tsawon mutum, kuma wadda nata ya ɗara tsawonta tana da abin da ake so a wannan wasa. Ranar ziyara kuma nakan tsaya a bakin ƙofa in ga iyaye da yayye.

Tarihin wasan kansa ya nuna cewa baiwa takan fara bayyana a wani wuri dabam. Hakeem Olajuwon, wanda ya ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau biyu da Houston Rockets a 1994 da 1995, tsaron raga yake yi a ƙwallon ƙafa a Legas, yana kuma buga ƙwallon hannu, kafin ya shiga ƙwallon kwando yana matashi, kuma iya sarrafa ƙafar da ya shahara da shi daga can ya samo asali. Wanda ya fara hango shi bai jira ya gan shi yana jefa ƙwallo a kwando ba.

Yanzu ina da wani littafi mai kauri da nake rubuta sunayen 'yan aji ɗaya a ciki, kuma ba na yanke hukunci a kan kowa sai zango guda ya cika. Abubuwan da nake rubutawa ba su da yawa, amma ba sa ganuwa a rana ɗaya. Ina duba wadda idan aka nuna mata abu yau, gobe za ta dawo da shi ta ɗan gyara, alamar ta yi ta maimaita shi ita kaɗai. Ina duba abin da yarinya take yi a daƙiƙar da ta biyo bayan kuskurenta, domin wata takan tsaya ta riƙe ƙugu tana jin kunya, wata ta nemi wadda za ta ɗora wa laifi, wata kuma ta juya da gudu ta koma tsaron gida. Ta ukun nan ita nake ja wa layi a ƙarƙashin suna, ko da jifanta bai kai na sauran ba. Jifa ana koyar da shi, amma wannan halin ban taɓa iya dasa wa kowa shi ba, sai dai in tarar da shi in raya.

Idan an gano yarinya, aikin rainonta yana farawa ne daga kayan aiki, kuma a nan dole in faɗi gaskiyar halin da muke ciki. Filin da dokar wasa ta tanada mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Namu daɓen siminti ne da ya tsattsage, wanda yake cin fatar ƙwallo kamar wuƙa, har na saba da mai facin taya da ke bakin titi saboda yawan kai masa ƙwallaye. Ƙwallon da mata manya suke wasa da ita mai lamba 6 ce, ta fi ta maza ƙanƙanta kaɗan, amma ko ita ta yi wa 'yar shekara 11 nauyi idan aka ce ta kai ta mita 3.05. Abin da ke faruwa shi ne yarinyar takan sauko da ƙwallon zuwa cikinta ta tunkuɗa da hannu biyu da dukkan ƙarfinta, kuma idan jikinta ya saba da wannan, raba ta da shi yakan ɗauki shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma in an tanƙwara shi a karkace, a karkace zai bushe. Saboda haka na sa mai walda ya haɗa mana kwando a mita 2.60, tsawon da ake amfani da shi a wasan ƙananan yara, na kuma nemo ƙwallo mai lamba 5, kuma babu 'yar aji ɗaya da take jifa a babban kwando sai na ga gwiwar hannunta ta tsaya a ƙarƙashin ƙwallon, yatsunta kuma suna raka ta bayan ta tashi.

A zangon farko, rabin atisayenmu na hannun da yarinya ba ta saba da shi ne. Wannan yana da ɗan wuya a wurinmu, domin tun suna ƙanana ake hana su ba da abu ko karɓa da hagu, kuma tarbiyya ce mai kyau, sai dai nakan bayyana musu cewa fili dabam, gaban manya dabam. Sauran rabin lokacin wasan uku da uku muke yi a rabin fili da kwando ɗaya. Idan aka zuba yara goma a fili, biyu masu ƙarfi ne za su riƙe ƙwallo sauran su yi ta gudu a banza, amma a uku da uku babu wurin ɓuya, kowa sai ta karɓa, ta ba da fasin, ta yi tsaro. Wannan salon ba ƙaramin abu ba ne kuma, domin tun gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 ya zama wasa mai lambar yabo ta kansa, kuma makarantar da ba ta da komai sai kwando ɗaya da ƙwallo ɗaya za ta iya farawa da shi gobe.

Akwai abu biyu na lafiya da ba na wasa da su. Na farko gwiwa ce. An daɗe da sanin cewa a wasannin tsalle da juyi, mata sun fi maza yawan samun tsinkewar jijiyar da ke riƙe tsakiyar gwiwa, kuma yawanci ba karo da kowa ake yi ba, dira ce kawai da ƙafa a miƙe ko gwiwa ta karkata ciki. Rauni ne da tiyatarsa take da tsada, wanda iyayen mafi yawan ɗalibaina ba za su iya ɗauka ba, don haka minti goma na farkon kowane atisaye na koyon dira ne: gwiwa a lanƙwashe, tana fuskantar yatsun ƙafa, a sauka a hankali ba tare da ƙara ba. Babu wadda take shiga fili da silifas, ko da kambas ɗin na aro ne. Na biyu ƙarancin jini ne. Sau da yawa yarinyar da ake yi wa kallon raguwa, wadda take haki bayan gudu biyu, jini ne ya yi mata ƙaranci saboda al'ada da abincin da bai wadatar ba. Nakan tura irin waɗannan ɗakin shan magani a duba su, in kuma roƙi iyaye idan za su zo ziyara su haɗo da ƙuli-ƙuli da zogale da gyaɗa a cikin tsaraba. Audugar mata kuma tana cikin jakata kullum, domin na ga yara masu kyau sun daina zuwa atisaye saboda abin da kunya ta hana su faɗa.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da zauren gidan iyaye, kuma a can ne na fi rasa 'yan wasa. Da yarinyar nan ta bokiti ta kai aji uku aka sa mu cikin wata gasa da za a yi a wajen makaranta, sai mahaifinta ya aiko cewa bai yarda ba. A da, irin wannan saƙon nakan karɓa in yi shiru in nemi wata, kuma na yi haka da yara da yawa waɗanda har yau nake tunawa. Wannan karon na jira hutu, na shiga mota na tafi ƙauyensu. Na fara shiga cikin gida na gaida mahaifiyarta, sannan aka yi mini iso wurin maigidan a zaure. Dattijo ne manomi, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya ce, "Malama, ni karatu na kai ɗiyata. Ba ni son a ce an gan ta tana tsalle gaban maza da gajeren wando." Na ce, "Baba, wallahi ni ma ba zan so haka ga 'yata ba. Ga kayan da take sawa, na zo da su ka gani." Na fito da dogon wando mai faɗi, da riga mai dogon hannu da ta sauko har gwiwa, da ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba a sa masa fil. Ya juya su a hannunsa, ya tambaye ni wa zai raka su, a ina za su kwana, da abin da zai faru idan karatunta ya ja baya. Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya, na kuma yi alƙawarin cewa duk zangon da sakamakonta ya sauka, ni da kaina zan dakatar da ita. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, amana ce na ba ki."

Tambayoyin dattijon nan duk a kan hanya suke, kuma malamar da ta ɗauke su a matsayin duhun kai ba ta cancanci a ba ta 'yar kowa ba. Batun sutura kuwa ba mu kaɗai ya dama ba. A 2014 ƙungiyar matan ƙasar Katar ta janye daga gasar ƙasashen Asiya da aka yi a Incheon ta Koriya ta Kudu saboda an hana su wasa da hijabi. Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma 'yar Amurka daga garin Springfield, garin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a 1891, ta ci maki 3,070 a makarantar sakandare, abin da babu wanda ya taɓa yi a jiharsu ta Massachusetts kafin ita, amma dokar hana rufe kai ta tare mata hanyar zama ƙwararriyar 'yar wasa a ƙasashen waje. Ita da wasu suka yi ta fafutuka, har hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta sauya dokar a 2017. Wannan labarin nakan ba iyaye shi, domin yana nuna musu cewa 'yarsu za ta iya kaiwa ko'ina a wasan nan ba tare da ta cire abin da ke kanta ba. Abin da ba na yi shi ne yi wa iyaye alƙawarin Amurka ko kuɗi, domin ƙalilan ne ƙwarai suke kaiwa can. Abin da nake da tabbacin bayarwa shi ne lafiyar jiki, da horo, da yarinyar da ta iya tsayawa cikin jama'a ta yi magana.

Su kuwa yaran, abin da ya fi ɗaga musu buri shi ne ƙungiyar mata ta Nijeriya, D'Tigress, wadda ta ci kofin Afirka sau biyar a jere, a 2017, 2019, 2021, 2023 da 2025. A gasar Olamfik ta 2024 a Faransa ta doke Ostareliya da ci 75 da 62, ta doke Kanada da 79 da 70, ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, inda Amurka ta fitar da ita. Mace ce ta horar da su a wannan gasa, Rena Wakama, kuma wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Da na nuna wa ɗalibaina wasannin a waya, sunan da suka riƙe shi ne Murjanatu Musa, wadda ta yi tashe a gasar cikin gida tare da Air Warriors ta Abuja kafin ta fita waje, domin suna ne irin nasu. Sai dai da yawa daga cikin 'yan wannan ƙungiya a ƙasashen waje aka haife su ko aka horar da su, inda makarantu ke da filaye da gasa a kai a kai, kuma wannan ya kamata ya dame mu. Arewa ba baƙuwa ba ce a wasan: Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019, a Zariya ya taso ya kuma fara wasa.

Babban abin da ya rage mana shi ne yawan wasa. Akwai gasar makarantun sakandare da Milo ke ɗaukar nauyi tun 1999, ta maza da ta mata, wadda ake farawa daga jihohi zuwa shiyyoyi har zuwa wasan ƙarshe, kuma ita ce babbar ƙofar da 'yar makaranta ke da ita a ƙasar nan. Amma sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma ƙungiyar da ba ta haɗuwa da baƙin fuska sai ranar gasa, tsoro ne yake fara cinye ta kafin abokan karawa. Tafiya mai nisa kuma ba abin da zan matsa wa iyaye a kai ba ne a halin da hanyoyinmu suke ciki. Saboda haka na fara zagaya makarantun 'yan mata da ke cikin gari ina neman mu riƙa haɗuwa da safiyar Asabar, kafin rana ta yi zafi, a cikin harabar makaranta, 'yan kallo ɗalibai da malamai da iyaye kawai. Makarantu biyu sun amince, kuma mun sa ranar wasan farko bayan hutun tsakiyar zango.

Da muka zauna da malaman makarantun biyu, abin da ya tsaya mana shi ne alƙaliyar wasa, domin mun yi wa iyaye alƙawarin mata ne za su gudanar da komai, kuma a cikinmu babu wadda za ta iya barin 'yan wasanta ta shiga tsakiya. Yarinyar nan ta bokiti ba ta yi tsawon da zai kai ta wata babbar ƙungiya ba. Ta riƙe mana tsakiyar fili shekara uku, ta gama sakandare, an yi mata aure, kuma yanzu tana karanta ilimin motsa jiki a wata kwalejin horar da malamai da amincewar mijinta. Na kira ta na faɗa mata halin da ake ciki, ta ce za ta zo ta busa usur, amma in aiko mata da littafin dokoki tun yanzu, domin tana son ta sake bitar dokar daƙiƙa 24 ta jifa a kwando da ta daƙiƙa 8 ta tsallake rabin fili kafin ranar. Na ba direban motar da ke bin hanyarsu littafin jiya da safe.